Yadda Benen Sambo Ya Rasa Wurin Sauka

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin gulbi a Tungar Ɗanbaro ya san Sambo ya je Kwatano, domin ba ya barin shayin mutum ya huce bai ba shi labari ba. Abin da yake tsallakewa shi ne a saman motar albasa ya je, kuma ana gama sauke buhuna aka juyo da shi. To amma a ɗan tsakanin nan ya hango teku ta ratar wasu gine-gine, ya ga masu hali kwance a gindin laima suna tsotsar lemo, shi ke nan ya dawo mana masanin bakin ruwa. Mutumin Zagga ne, ɗan manoma, aure ya kawo shi garinmu, ko iyo bai iya ba. Wannan bai hana shi zama a bencin mai shayi yana yi wa masunta gyara a sana'arsu ba.

Matarsa Sabuwa ita ke riƙe da gidan. Bandar kifi take yi a gurbin da ta gada wajen mahaifiyarta, na ƙarshe a jerin matan bakin gulbi, dab da dutsen iyaka. Kana wuce dutsen nan ka shiga Tondikwara, ƙasar Benin ke nan. Gari biyu ne a gaɓa ɗaya ta Kwara, muna auren juna, muna zuwa jana'izar juna, amma a maganar abin da za a kafa a bakin ruwa kowa da dokarsa, kai ka ce da gangan aka tsara su don su saɓa.

Mu ruwa muke tsoro. Kwara na cika mana sau biyu a shekara, da damina da kuma lokacin sanyi, saboda haka dokarmu ita ce duk abin da za ka kafa a bakin gulbi ya zama wanda maza za su iya ɗagawa su kai tudu in ruwa ya taso. Zana, kara, itace, duk an yarda, amma siminti ko cokali ɗaya ba ya taɓa ƙasar gaɓarmu. Sannan gurbi ba da takarda ake riƙe shi ba, da hayaƙi ne. Muddin wutar mace na tashi ranar kasuwar Lolo, lokacin da jirage ke cika gaɓa, gurbi nata ne. In kuwa aka kira la'asar ba a ga hayaƙinta ba, Sarkin Ruwa ya ba wadda ke gaba a layin masu jiran gurbi, kuma layin ba ya rabuwa da mata.

Su mutanen Tondikwara wuta suke tsoro, domin gobara ta taɓa lashe musu rumfunan bakin ruwa tas. Tun daga nan ofishin magajin garinsu, wanda suke kira meri, ya ce duk abin da zai tsaya a gaɓarsu sai a kan siminti, a kafe daram, kuma ba a hura wuta kusa da katako. Wato abin da ke ɗaguwa shi ne daidai a wajenmu, shi ne kuma laifi a wajensu. An daɗe ana zaune a haka babu wanda abin ya hana barci, sai ranar da Sambo ya yi tunani.

A bencin mai shayi ya fara kwance mana shi. "Ku dai ba ku hita ba, shi as sa kuka zamne cikin hayaƙi awa kihin da kuka bandawa," in ji shi. "Ni da nig ga Kwatano na san abin da bakin ruwa ka so. Bene za ni yi. In Sarkin Ruwa ya ƙwanƙwasa shi ji katako, in na meri sun hango su ga bulo. Doka biyu, gini guda, masu naira su shigo ta nan, masu sefa ta can."

Wani ya tambaye shi a ina zai kafa benen, tunda shi ba shi da ko inda zai ɗaure akuya a bakin gulbi. Ya ce a gurbin Sabuwa mana. Aka ce ta sani? Ya ce za ta sani in ta gani.

Ya je Zagga ya sayar da bijimin noman da ya gada, ya ɗauko Femi kafinta daga Lolo, Bayaraben da ya daɗe a cikinmu har yaransa sun fi shi Hausa. Sa'a ta zo masa, ƙanwar Sabuwa ta haihu a Kurgu, ita Sabuwar ta tafi zaman jego har suna. Ranar da ta sa ƙafa a mota, ranar ya rushe murhun bandar da uwarta ta gina da hannunta, ya watsar da tokar a gulbi. Femi ya gaya masa hawa biyu zai yi nauyi, kuma ƙafa huɗu na itace da za su ɗauki ginin sun yi kaɗan. Sambo ya ce masa shi aikinsa guduma, tunani a bar wa mai shi. Femi ya ci gaba da buga ƙusa.

Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi kyau daga nesa. An shafe falankin da ruwan toka, an zana layuka kamar jerin bulo, ga rufin kwano yana walƙiya, ga baranda a sama mai kallon ruwa, har da duron wanke hannu. A goshinsa an rubuta Sambo Intanashinal da jan fenti. Daga kusa kuwa, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar tsohon gado.

Sabuwa ta dawo da ƙullin kayan suna a kai, ta tsaya a inda murhunta yake da. Ba mace ce mai hayaniya ba, kuma da ta yi hayaniyar ma da ya fi mana sauƙin kallo.

"Baban Surayya, ina bandata?"

"Ɗaga kai ki dubi sama. Kin tashi daga mai banda, kin koma matar mai otal."

"Otal ba shi hayaƙi. Ran kasuwa ina za ni hura wuta?"

Ya ce hayaƙi zai ɓata masa fenti, kuma manyan baƙin da yake jira ba sa son ƙarnin kifi, lemo da biredi za a sayar. Ta ajiye ƙullinta a nan, ta wuce gidan Sarkin Ruwa Badamasi. Tsohon ya ci kifin uwarta tun yana saurayi, ya ji nauyin abin, ya ce zai kawar da kai na ɗan lokaci. Amma ya tuna mata cewa Zubaida ce ta gaba a layi, mijinta ya rasu, tana da yara, kuma tana da ido. Ni dai tun daga ranar tausayin Sabuwa ya kama ni, domin gurbin nan shi ne cinsu, shi ne kuma abin da ya rage mata na uwarta.

Da Sambo ya iya kama bakinsa, wataƙila da an lallaɓa. Ina! Ya shiga kasuwar Lolo yana rantsuwa cewa bulo ne na gaske, irin na Kwatano, wanda ko tankar yaƙi ba ta huda shi. Kafin ya dawo gida maganar ta riga shi. Washegari Sarkin Ruwa ya zo da sandarsa, ya ƙwanƙwasa bango, ya ji abin da kowa ya sani, amma ya gyara tsayuwa ya ce an gaya masa bulo ne, kuma mai ginin ne ya faɗa da bakinsa.

Sambo ya waiga ya ga 'yan Tondikwara sun jeru a dutsen iyaka suna saurare. Ya rage murya. "Ranka shi daɗe, bulo na ga ido, katako na ga doka."

"Ni ban iya wagga magana ba," in ji Sarkin Ruwa. "A ɗaga mu gani."

Aka kira gayya, irin wadda ake yi in za a ɗora jinka a kan ɗaki. Sabuwa, wadda aka rushe wa murhu, ita aka sa ta dama fura. Maza muka naɗa gammo muka shiga ƙarƙashin dandamalin, ni ma da wuyana a ciki. Shi kuwa mai gayya sai ya haye baranda, wai a Kwatano injiniya daga sama yake ba da umarni. Femi ya roƙe shi ya sauko ko don a rage nauyi, ya ce nauyin ilimi ba ya danne mutum. Muka yi bisimilla, muka yi nishi, bene ya rabu da ƙasa. Sarkin Ruwa ya leƙa ya ga haske ta ƙarƙashi, ya ce ya gani, a ajiye.

A nan ya kamata a tsaya. Sai dai Sambo ya ga mutanen ƙasa biyu sun zuba masa ido, abin ya yi masa daɗi, ya ce a ɗan juya shi ƙofa ta kalli Benin su ma su more. Mu da ke ƙasa ba ma ganin komai sai ƙafafun juna. Yana cewa dama, na gaba suka yi damarsu, na baya suka yi tasu, domin shi kansa baya ya ba hanya. Muka yi ta tangaɗi har wani ya yi karo da dutsen iyaka ya ce wayyo gwiwarsa, kowa ya saki. Da ƙura ta lafa aka duba, ƙafa biyu na Najeriya, ƙafa biyu na Benin, dutsen iyaka kuma a ƙarƙashin ɗakin. Sambo ya ce a sake ɗagawa. Aka ce masa fura ta ƙare.

Ya leƙo daga baranda, ya dubi yadda abin ya zauna, sai ya ce ai da ma haka ya nufa.

Washegari da hantsi sai ga Bunyaminu, ma'aikacin meri mai kula da gaɓar Tondikwara, a kan ɗan babur ɗinsa. Mutum ne mai ladabi, ya fi kowa doguwar gaisuwa, kuma uwarsa 'yar garinmu ce. Ya gaida Sambo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiyar jiya, sannan ya ce da idonsa ya ga ginin nan yana tafiya, kuma a ƙasarsu gini ba ya tafiya. Ko dai a janye ƙafa biyun nan, ko su zauna a kan siminti. Sambo ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, shi da ya ga yadda ake zuba kankare a cikin teku. Ya sa aka haƙa ramuka a gindin ƙafafun Benin, aka cika su da siminti da tsakuwa har suka yi tozo. Bunyaminu ya dawo ya taka, ya ce saboda zumunci zai ce ya ga siminti, sauran kuma bai duba sama ba.

Ranar kasuwa ta zagayo. Sabuwa ta rarrafa ƙarƙashin rabin da ke Najeriya da kasko da 'yan ƙirare, ko ta samu hayaƙi ya tashi a ce ta hura. Wuta ta fara kamawa ke nan sai ga Bunyaminu da bokitin ruwa, yana ba da haƙuri tun daga nesa. Ta ce masa ita a ƙasarta take zaune. Ya ce gaskiya ne, wutar ta Najeriya ce, amma katakon da za ta ci ya kai Benin. Ya ce "ki yahe mani, Inna," ya sheƙa ruwan. Sambo na sama yana jiran manyan baƙi, waɗanda har yau ba su iso ba. Duk cinikin da otal ya yi a rayuwarsa, wani Bafillace ne ya hau ya sha ruwan duro ya sauko.

Da yamma Sarkin Ruwa ya biyo, ya ga tozon siminti, ya tsaya.

"Sambo, mi nika gani?"

"Ranka shi daɗe, wanga siminti ba namu na ba, na Benin na. Duba dutse."

"Na duba. Ginin shina ɗaguwa?"

"Rabinmu shina ɗaguwa."

Sarkin Ruwa ya ce bai taɓa ganin an ɗaga rabin ɗaki ba, amma tunda Allah ya ja kwanansa, yana so ya gani. Wannan karon ba fura, sai dai son kallo ya tara mutane. Muka kama ɓangaren Najeriya muka ɗaga, ɓangaren Benin ya ce bai san zancen ba. Aka ji ƙusoshi na kuka. Matakala ta ɓalle ta faɗi gefe, taga ta yi tsalle ta bar gurbinta, ƙofa ta karkace yadda ba ta ƙara rufuwa ba. Allon suna ya tsage biyu, rabin da aka rubuta Sambo ya faɗo ƙasa, Intanashinal ya rage a sama. Femi ya zauna a kan wani jirgi da aka kife, ya rufe fuska da hula, ba mu san ko dariya yake ko kuka ba. Mai otal kuwa sai da aka jingina masa gora ya zamo ƙasa, yana sauka yana cewa katakon Najeriya ne ba shi da inganci.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya kira Sabuwa gefe, amma kowa ya ji. Ya ce ya kawar da kai har wuyansa ya gaji, matan layi sun fara zuwa masa gida. Kasuwa mai zuwa ita ce ta ƙarshe: in aka kira la'asar babu hayaƙi a gurbin nan, na Zubaida ne.

Abin da Sabuwa ta gaya wa mijinta a gida ban sani ba, amma ya fito da sabon shiri, kuma kamar kullum ya ce tun farko shi ne a ransa. Wai Tungar Ɗanbaro ba ta isa ta riƙe gini irin wannan ba, zai kwashe shi gaba ɗaya ya kai Tondikwara inda aka san darajar bene, Bunyaminu ai yaronsa ne. Aka ce ya tambaye shi? Ya ce manya ba sa tambaya, sanarwa suke yi. Ya sa aka haƙe ƙafafun Benin da diga, suka fito kowace da curin siminti kamar turmi, ya ce a bar su, shi ne fasfonsu.

Babu wanda zai sake sa wuyansa don Sambo. Don Sabuwa muka fito, ita ta bi gida gida tana roƙo. Ranar kasuwa, bayan azahar, gaɓa ta cika maƙil, jiragen shinkafa da na albasa da na kifi, mutanen ƙasa biyu har da na Nijar. Sambo ya sa babbar riga, ya hau gora ya koma baranda, ya ƙi a sauke duron ruwa, wai otal ba ya tafiya ba ruwa. Muka shiga ƙasa muka ɗaga. Nauyin ya ninka na da, kuma duk ya koma gefe guda.

Muna wuce dutsen iyaka Sabuwa ta faɗa gurbinta. Ta riga ta tanadi komai: rabin duro, raga, busasshen itace, da kwandon tarwaɗa da ta karɓa a jirgin safe. Ta durƙusa tana jera itace. Matan layi na kallo, Zubaida na tsaye can gefe da goyo.

Mu kuwa mun yi 'yar tafiya a ƙasar Benin sai muka ga takalman Bunyaminu a gabanmu, tare da wasu takalman masu sheƙi waɗanda ba mu sani ba. Ashe maigidansa ne ya zo zagayen kasuwa. Bunyaminu ya yi gaisuwa, wannan karon gajeriya, ya ce kada a ajiye.

Sambo ya leƙo. "Haba Bunyaminu, ga siminti nan ga ƙahwahu, kai kac ce a sa."

"Malam Sambo, ni siminti nic ce wanda ka riƙe gini. Wanga gini na ka ɗauke da siminti."

Sambo ya ce a Kwatano haka ake yi yanzu. Mai takalmi mai sheƙi ya ce shi haifaffen Kwatano ne, a wace unguwa? Sambo ya yi tari, ya ce a juya.

Juyawa da bene a kai ba wasa ba ne, kuma hanya ɗaya ce tsakanin ruwa da gangaren tudu, ta kan gurbin Sabuwa ta bi. Mu ba ma gani, shi mai gani yana can yana gyara hula. Sai da na ji raga ta lanƙwashe a ƙarƙashin ƙafata na san inda muke. Muka bi ta kan duro, ta kan itace, ta kan kwandon kifi. Mata na ihu a tsaya, Sambo na cewa a ci gaba, ba a tsayar da aiki don tarwaɗa.

Muna isa cikin Najeriya sosai sai sandar Sarkin Ruwa ta tokare gaba. Ya nuna curin siminti da ke reto, ya ce wannan ba ya taɓa gaɓar Tungar Ɗanbaro yana raye. Sambo ya ce to a ajiye ƙafa biyu masu tsarki, sauran biyun a riƙe. Wani daga ƙasa ya tambaya wa zai riƙe, har yaushe? Wani ya ce a jefo mai maganar, a ajiye a kansa. Sambo ya ce masu aiki ba sa magana in injiniya na tunani, sannan ya ce a koma Benin, yanzu ya tuna abin da zai gaya musu.

Sabuwa ta riga ta tsince itacenta, ta miƙe duron da dutse, ta samu wuta ta fara lasar ƙirare. Ta ga muna dawowa, ta miƙe ta buɗe hannuwa a gaban wutar, sai da mata suka janye ta. Muka sake bi ta kai. A Benin Bunyaminu bai ma bari Sambo ya buɗe baki ba, hannu kawai ya ɗaga. Muka juyo. Kasuwa duk ta watse ta dawo kallo, masu jirage sun hau rufin jiragensu, 'yan Benin na cewa a kai Najeriya, 'yan Najeriya na cewa a kai Benin, wani mai goro na bin mu yana ciniki. A ƙarƙashi kuwa babu mai dariya. Gammo ya zame, wuya ya sage, wani dattijo a gefena yana ta salati.

A dawowar nan ta ƙarshe muka tsaya cak a kan gurbin, domin gaba sanda, baya Bunyaminu. Sabuwa ta samu ɗan garwashi guda da ya tsira a gefen ƙafafunmu, ta kwanta rub da ciki tana hura shi. Sai wani a cikinmu ya ce, to ruwa fa, dokar wa ya hana? Babu wanda ya jira umarni daga sama. Muka karkata muka nufi gulbi. Karkatawar nan ce ta tuntsurar da duron wanke hannu, ya zubo daga baranda gaba ɗaya, a kan garwashin, a kan itacen, a kan Sabuwa. Ruwan bai gama tsiyaya ba ladan ya ɗaga murya.

Muka shiga ruwa har ƙirji, muka nutse muka fita ta gefe, muka bar wa Kwara kayanta. Bene ya yi ɗan jim kamar yana shawara, ɓangaren siminti ya nutse, ɗayan ya ɗaga sama, ya fara juyawa a hankali yana bin ruwa. Sambo ya rungume dirkar baranda, babbar riga ta cika da iska, yana kiran a kawo jirgi, yana kiran Femi, yana kiran uwarsa da ke Zagga. Haka ya bi gaban garin kaf, kwano na walƙiya, Intanashinal a goshi, har ya je ya maƙale a wani tudun yashi a tsakiyar gulbi. Masunta suka ce sai sun yi salla tukuna, ai ya ce ya san ruwa.

Ni ban bi su kallo ba, na dawo gurbin ina matse riga. Sarkin Ruwa na tsaye yana ta soshe kunne, wai shi kwanan nan jinsa ya yi nauyi, an kira salla ne? Da lasifika aka kira, har Benin an ji. Wata mace ta ruga za ta ɗebo wuta a murhunta. Sabuwa ta tashi zaune, zaninta sharkaf, fuskarta duk toka. Ta dubi itacen, ta dubi kifin da ya koma yashi, ta dubi Zubaida da goyonta.

"An kira, ranka shi daɗe," in ji ta. "Kowa ya jiya. Ka ba ta."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ɗaga sanda ya nuna wa Zubaida wurin. Ban taɓa jin kunyar ƙafafuna irin ta ranar ba, mu da muka fito don ita.

Sai dab da magariba aka kawo Sambo a kwalekwale, ba hula, takalmi ɗaya. Ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba ya fara: ko a Kwatano ba a taɓa yin benen da ya yi tafiya a ƙasa biyu ya kuma hau ruwa ba, gobe zai sa a jawo shi, otal na kan ruwa shi ake yayi. Sai ya hango hayaƙi na tashi a gurbin ƙarshe, fari, miƙe, ga ƙamshin tarwaɗa ya cika gaɓa. Fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Ni nic ce maku hayaƙi za shi tashi yau. Ku dai ba ku da haƙuri."

Ya ratsa mutane yana ɗingishi, ya iske mace sunkuye a kan raga ta ba shi baya, ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ta fi girma.

"Sabuwa, ba ni mai zahi, yau na sha aiki."

Matar ta ɗago. Zubaida ce.

"Malam Sambo," ta ce a hankali, "na saidawa na."

Ya tsaya da kifi a hannu yana waige-waige. Sabuwa na can kan gangare ta nufi gida, lanƙwasasshiyar raga a kanta, ba ta juyo ba.